Yaron da ya yi laifi a Gadarif: martani ga mai kiran a koma ga ɗauri

A cikin kukan da jama'a ke yi kan sace-sace a garin Gadarif tun bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilu 2023, wani marubuci ya fito da ra'ayin da ke da daɗin ji ga ɗan kasuwa da manomin da aka taɓa yi wa ɓarna, inda ya ɗora wani kaso na alhakin matsalar a kan tsarin kautar da yara masu laifi daga kotu. Abin da ake nufi da kautarwa shi ne hukuma ta ɗauke shari'ar yaron da bai cika shekara 18 ba daga hanyar gurfanarwa da yanke hukunci, ta miƙa ta ga wani zama na sulhu da gyaran hali, inda yaron zai amsa laifinsa, ya biya abin da ya ɓata, a kuma sa masa ido na wani lokaci. Hujjar marubucin ita ce tsarin baƙo ne da ƙungiyoyin ƙasashen waje suka cusa wa Sudan, kuma yana koya wa yaro cewa sata ba ta da sakamako, yana barin mai kaya da asararsa, yana kuma ba manyan ɓarayi damar fakewa da yara. Saboda haka ya nemi a riƙa gurfanar da duk yaron da aka kama a ɗaure shi, bisa ganinsa cewa wanda ya yi wayon sata ya yi wayon zaman kurkuku. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma mutanen da marubucin ke son karewa su ne farkon waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsa idan aka bi shawararsa.

Ba a musun zafin da ya haifar da ra'ayin. Gadarif gari ne da arzikinsa ya rataya a kan damina guda, tun lokacin da aka fara noman injina a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, kuma kasuwar amfanin gonarsa tana cikin mafi girma a Sudan wajen dawa da riɗi. Manomin da ya yanke riɗinsa a ƙarshen damina, ya ɗaɗɗaure shi dami-dami ya jingine su a tsaye a gona domin su bushe, sannan ya wayi gari ya tarar an kakkaɓe masa tsabar cikin dare, ya yi asarar da ba ta dawowa sai wata shekara, ga shi kuma bashin da ya ci domin noma yana jiransa. Haka matar da ke sayar da shayi a bakin kasuwa, wadda aka fizge wa waya daga hannu, alhali da wannan wayar take karɓar ɗan abin da 'yan'uwa ke turo mata ta manhajar Bankak. A kan wannan aka ƙara nauyin baƙi, domin faɗuwar Wad Madani a watan Disamba 2023 da ta Sinja a watan Yuni 2024 ta kwararo wa jihar dubban ɗaruruwan mutane, bayan 'yan gudun hijirar Tigrai na Habasha da ke sansanonin Um Rakuba da Tunaidba tun ƙarshen 2020 da farkon 2021. Makarantu da dama sun koma matsugunan waɗanda suka rasa gidajensu, a lokacin da asusun UNICEF ya ƙiyasta, a watan Oktoba 2023, cewa yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin ƙasar. Garin da ke cikin wannan hali yana da haƙƙin ya nemi tsaro, kuma saɓanin da ke tsakanin wannan martani da marubucin yana kan hanyar da ke kawo tsaron.

Da'awar cewa tsarin baƙo ne tana da ɗan abin riƙewa. Sudan ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda sashenta na 40 ya ƙarfafa a warware al'amarin yaro ba tare da shari'ar kotu ba a duk inda hakan ya dace, kamar yadda Ƙa'idojin Beijin na 1985 suka tanada tun kafin nan, kuma UNICEF ya tallafa wajen kafa Sashen Kare Iyali da Yara na 'yan sanda, wanda aka fara a Khartum a 2007 kafin a yaɗa shi zuwa jihohi, har da Gadarif. Sai dai dokar da ake aiki da ita ta Sudan ce, wato Dokar Yara ta 2010, wadda aka zartar a zamanin Umar al-Bashir, a ƙarƙashin gwamnatin da aka sani da tsauri wajen hukunci. Dokar ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta sa shekara 12 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da za a ɗora wa yaro alhakin laifi, ta tanadi kotunan yara da ofishin masu gabatar da ƙara na yara, wanda a Sudan ake kira niyaba, ta kuma buɗe ƙofar miƙa shari'ar yaro zuwa wajen tsarin kotu. Matakan gyaran da ta jera sun fara ne daga tsawatarwa da gargaɗi, suka bi ta sa ido a kan yaro a cikin al'ummarsa da tilasta masa hidimar jama'a ko koyon sana'a, kafin su kai ga ajiye shi a gidan tarbiyya. Gyare-gyaren da gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi wa dokar laifuka ta 1991 a watan Yuli 2020 sun daidaita ta da wannan, inda suka mayar da shekara 18 ta zama iyakar girma, bayan a da ana iya ɗaukar ɗan shekara 15 a matsayin babba idan alamun balaga sun bayyana a jikinsa.

Tushen da ya fi wannan zurfi yana cikin fiƙihun Malikiyya, mazhabar mafi yawan mutanen Sudan da ta Hausawa a ko'ina suke. Hadisi sananne ya lissafa yaro cikin mutum uku da ba a rubuta musu laifi, shi har sai ya balaga, kuma a kan haka malamai suka gina hukuncin cewa ba a tsayar wa yaro haddi, wato uƙubar da nassi ya ƙayyade kamar yanke hannu a sata, ba a kuma yi masa ƙisasi, wato ramuwar rai da rai ko rauni da rauni. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a zauren malaminsa ya wuce ta kan mas'alar da ta daidaita gangancin yaro da kuskure, ta kuma ɗora diyyar abin da ya aikata a kan danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya, ko a kan dukiyarsa idan ba ta kai ba. A mashhurin mazhabar kuma, wanda alamun balaga ba su bayyana a gare shi ba sai ya cika shekara 18 ake ɗaukar sa baligi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne malamai sun rarrabe abu biyu da marubucin ya cakuɗa, wato uƙuba, wadda aka ɗauke wa yaro, da lamuni, wato wajibcin biyan abin da aka ɓata, wanda ba a ɗauke masa ba ko da bai kai wayo ba, domin haƙƙin mai dukiya ba ya faɗuwa saboda ƙuruciyar wanda ya lalata ta. Abu na uku da suka bari a kansa shi ne ladabtarwa, wadda manufarta gyara ce. Biyan ɓarna, da sa hannun dangi, da horon da ke kallon gaba: waɗannan su ne ginshiƙan kautarwa, kuma sun daɗe a littattafan da ake karantawa a Gadarif da Kano ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Al'ada ma tana gefe guda da fiƙihu. Mutanen Sudan suna da judiyya, zaman sulhu da dattawa masu shiga tsakani, waɗanda ake kira ajawid, ke jagoranta a ƙarƙashin inuwar shugabannin gargajiya, wato nazir da umda da shehun ƙauye, kuma Hausawan da suka zauna a ƙasar, daga mahajjatan da suka yi zango a hanyar Makka suka kafa iyali zuwa waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da nasu zauren mai unguwa da liman, inda ake kiran uban yaro da mai ƙara a sasanta. Ƙasar Niyu Zilan, wadda ake yawan buga misali da ita a wannan fage, abin da ta yi a dokarta ta 1989 shi ne ta aro daga al'adar 'yan asalinta Mawori ta mayar da taron dangi wani mataki na doka. Ɗaurin wa'adi a matsayin hukuncin yau da kullum kuwa ya samu gindin zama a Sudan ne da dokar laifuka ta 1899, wadda Turawan Ingila suka tsara bisa samfurin ta Indiya, don haka mai neman baƙon abu a wannan muhawara ya fi kusa da samun sa a cikin shawarar da marubucin ya kawo.

Babban kuskuren marubucin shi ne ya ɗauki kautarwa a matsayin sakin yaro ya tafi gida. Inda aka tsara ta da kyau tana da sharuɗɗa masu nauyi, kuma dokar Afirka ta Kudu ta shari'ar yara ta 2008, wadda ta fara aiki a watan Afrilu 2010, ta fayyace su: sai yaron ya amsa alhakin abin da ya yi ba tare da an matsa masa ba, sai akwai hujjar da za ta iya tsayawa a kotu, sai shi da mai kula da shi sun yarda, sannan a shigar da sunansa a rajista, idan kuma ya saɓa abin da aka yi yarjejeniya a kai ba tare da uzuri ba, ana iya mayar da shari'arsa gaban alƙali. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 14 daga cikin masu sayar da ruwa a keken jaki, sana'ar da ƙarancin ruwan Gadarif ya daɗe yana raya ta, wanda aka kama ya saci rabin buhun riɗi daga rumfar wani ɗan kasuwa. A zaman kautarwa yaron zai durƙusa a gaban mai rumfar, ga ubansa ko kawunsa a gefe, ga umda ko mai unguwa, ga jami'in walwalar jama'a riƙe da takarda, ya faɗi da bakinsa abin da ya ɗauka da lokacin da ya ɗauka da wanda ya sayar wa. Za a ƙiyasta kuɗin riɗin a farashin kasuwa, a yanka nawa za a riƙa cirewa daga cinikin ruwansa kowane mako har ya biya, a ambaci makarantar da zai koma ko mai waldar da zai zauna a hannunsa, a sa ranar da zai riƙa bayyana a gaban jami'in, sannan kowa ya sa hannu. Yaron da ya tashi daga wannan zama ya san unguwa ta san shi, ya ga fuskar ubansa lokacin da ake lissafin, kuma zai shafe watanni yana aikin da ba shi zai ci ribarsa ba.

A kotu kuwa al'amarin ya koma tsakanin hukuma da wanda ake tuhuma, kuma maslahar yaron ta koma ga musu da yin shiru, domin duk kalmar da ya amsa nauyi ce a kansa. Mai rumfar ya zama shaida kawai, yana rufe rumfarsa yana zirga-zirga duk ranar da aka ɗage zama, idan kuma aka yanke hukuncin ɗauri to yaron da ke tsare ba ya cinikin da zai biya kowa, iyayensa kuma ɗan abin da ke hannunsu zai tafi ne wajen kai masa abinci da neman a sako shi. Marubucin ya yi magana da sunan mai kaya, amma hanyar da ya zaɓa masa ita ce wadda ta fi barin sa hannu rabbana. Dattawan kasuwa sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa da yawansu suka fi son a kira uban yaro kafin a kira ɗan sanda.

Batun ko ɗauri yana hana komawa ga laifi an gwada shi, kuma sakamakon bai goyi bayan marubucin ba. A 2010 masu bincike uku, Anthony Petrosino da Carolyn Turpin-Petrosino da Sarah Guckenburg, sun tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi yara 7,304, waɗanda a cikinsu aka raba yaran da aka kama ta hanyar ƙuri'a, wasu aka bi da su ta hanyar shari'a, wasu aka kautar da su, kuma amfanin ƙuri'ar shi ne kada a ce an zaɓi masu sauƙin hali ne aka kautar. Abin da suka gano shi ne bi ta hanyar shari'a bai rage laifi ba, ya ma karkata ga ƙara shi, kuma tazarar ta fi fitowa fili inda kautarwar ta zo da wani shiri na gyara, ba saki kawai ba. Yawancin gwaje-gwajen a Amurka aka yi su, amma dalilan da ke bayansu ba su da ƙasa. Yaron da aka tsare an yanke shi daga makaranta da sana'a da idon manyansa, an haɗa shi da waɗanda suka fi shi sanin hanya, an kuma laƙaba masa sunan da zai bi shi wajen neman aiki da neman aure. Yawancin yara kuma suna barin ƙananan laifuka da kansu yayin da suke girma, in dai ba a ɗaure su da sunan ɓarawo tun da wuri ba.

Ya kamata kuma a tambayi abin da ɗauri ke nufi a aikace a Sudan ta yau. Gidajen tarbiyyar yara da aka fi sani, na Jiref da na Kobar, a jihar Khartum suke, inda yaƙin ya fara, inda kuma manyan gidajen yari kamar Kobar da Huda suka watse fursunoni suka fice a watan Afrilu 2023. Doka ta wajabta a raba yaro da manya a wurin tsarewa, amma rabawar tana buƙatar gini da ma'aikata da abinci da magani, waɗanda duk suka yi wa jihar da ke ɗauke da wannan yawan baƙi ƙaranci. Wanda ya nemi a ninka yawan yaran da ake tsarewa a irin wannan lokaci, ko ya sani ko bai sani ba, yana neman a cika harasa ne, wato ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda, da yara. Masu karatu a arewacin Nijeriya ba su manta da ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar watan Agusta a gaban babbar kotun tarayya da ke Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, abin da ya sa cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A Sudan akwai ƙarin haɗari, domin rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da cewa ana ɗaukar yara aikin yaƙi, kuma yaron da ya fito daga tsare ba makaranta, ba sana'a, ga kunyar komawa unguwa, shi ne mafi sauƙin samu ga duk mai raba bindiga.

Hujjar cewa manyan ɓarayi suna fakewa da yara gaskiya ce, sai dai tana nuni ne ga akasin abin da marubucin ya nema. Riɗin da aka sata sai an sami mai saye ba tare da tambaya ba, wayar da aka fizge sai an sami mai goge ta ya sayar, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Sudan. Ɗaure yaron ba ya taɓa wannan babban, wanda gobe zai sami wani yaron a tasha. Yaron da aka ba tabbacin cewa gaskiyarsa za ta kai shi ga biya da gyara yana iya faɗin sunan mai sayen, wanda kuma ya san ɗauri ke jiransa ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ba shi da dalilin da zai jawo wa kansa da iyayensa gabar mutumin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai aibi na gaske a tsarin kautarwa, kuma marubucin bai gan shi ba saboda ya duba wani wuri. Kautarwa tana buƙatar wanda zai tsaya wa yaro, wato uba ko kawu da aka sani, da umdan da zai ce nawa ne, da takardar da ke nuna shekarunsa. Ɗan mai gona yana da duk waɗannan, sau da yawa ma ba ya isa ofishin 'yan sanda an kashe maganar. Ɗan jango, wato leburan da ke yawon aikin gona daga shuka zuwa girbi suna kwana a bukkokin gonaki, da yaron da ya rabu da iyayensa a hanyar Madani, da yaron sansanin 'yan gudun hijira, su ne ba su da mai tsaya musu, saboda haka su ne shari'arsu ke zarcewa. Binciken da Lesley McAra da Susan McVie suka jagoranta a birnin Edinbara na Sikotlan, wanda ya bi rayuwar yara kimanin 4,300 tun daga 1998, ya nuna cewa yaran talakawa da 'yan sanda suka riga suka sani sun fi faɗawa hannun hukuma a kan abin da wasu ke yi su wuce, kuma gwargwadon nutsewar yaro a cikin tsarin shari'a gwargwadon wuyar da barin laifi ke yi masa. Idan haka ta faru a ƙasa mai cikakkiyar rajista, abin ya fi tsanani inda binciken ƙasa na 2014 ya nuna kashi 67 cikin 100 ne kawai na yaran Sudan 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa sai an kai shi ga likita ya kimanta shekarunsa, abin da ake kira tasnin, kuma ɗan shekara 16 da aikin gona ya ƙaƙƙarfa jikinsa yana iya fitowa a takarda a matsayin babba, ya rasa duk kariyar da Dokar Yara ta ba shi.

Wannan ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya sharaɗin zaman kakanni a ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar da yawa daga zuriyar mahajjata da 'yan hijira a waje, kuma ko da yake an sassauta shi daga baya, wahalar samun takardu da kallon baƙo sun daɗe suna bin al'ummar, kamar yadda rikicin jihar Nilu Shuɗi na watan Yuli 2022, da zanga-zangar da Hausawa suka yi bayansa a Kasala da Gadarif da Khartum, suka tuna wa kowa. Al'ummar da ke cikin wannan matsayi ya kamata ta yi nazari sosai kafin ta goyi bayan kiran a tsaurara, domin tsauri ba ya sauka daidai a kan kowa, kuma 'ya'yanta masu aiki a gonaki da tashoshi da bakin kasuwa suna cikin waɗanda zai fara samu.

Tsarin yana da iyakoki da wajibi ne a tsare su. Fyaɗe da kisa ba abin da za a rufe a zauren dattawa ba ne, domin a irin wannan zama iyayen yarinyar da aka cuta su ne ake matsa wa su yafe don rufin asiri, kuma wurin irin wannan shari'a kotun yara ne, wadda doka ta ba hanyoyin hukunci da suka dace da shekarun mai laifin. Yaron da bai aikata ba yana iya amsawa don gudun kwanan harasa, shi ya sa dole niyaba ta duba hujja kafin ta yarda da kowace yarjejeniya. Haka kuma ba duk wurin da ake kira gidan gyaran hali ne ya cancanci a miƙa masa yaro ba: binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a watan Oktoba 2020 ya nuna yara cikin mari ana dukansu a wasu halwoyi, wato makarantun allo na kwana na Sudan, kamar yadda samamen da 'yan sanda suka kai unguwar Rigasa a Kaduna a watan Satumba 2019 ya fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu yara, daga irin wannan gida. Halwa tana da tarihi mai daraja kuma malamai da yawa suna riƙon amana, amma duk wadda za a kai mata yaro da sunan hukuma dole ta kasance a buɗe ga mai dubawa a kowane lokaci.

Kira yana ga gwamnatin jihar Gadarif da majalisar kula da yara ta jihar da su ɗauki isassun jami'an walwalar jama'a su biya su a kan lokaci, domin su ne ke bin yaro mako-mako, kuma inda babu su ne kautarwa ke komawa sakin da marubucin ke tsoro. Niyabar yara da Sashen Kare Iyali da Yara su rubuta kowace yarjejeniya, da abin da aka biya mai kaya, da ranar da aka gama biya, su riƙa bayyana jimillar ga jama'a, inda kuma aka yi shakkar shekarun yaro a ɗauke shi yaro. Masu unguwanni da limamai da shugabannin Hausawa na Gadarif su fitar da sunayen dattawan da suka yarda su tsaya wa yaron da ba shi da kowa, ɗan jango ne ko ɗan gudun hijira, su miƙa jerin ga ofisoshin 'yan sanda, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a kuma su ware guraben koyon aiki ga yaran da aka kautar. Marubucin da masu ra'ayinsa, tun da tsaron garin ne ya dame su, su haɗa muryarsu da ta masu neman waɗannan abubuwa kafin girbi mai zuwa.